Idan jiha ta tauye haƙƙinka a Amurka: hanyar zuwa kotu da wuraren da ƙara ke mutuwa

Kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, bai faɗa a ko'ina ba cewa kotu tana da ikon soke dokar da majalisa ta yi. Kotun Ƙoli ce ta tabbatar wa kanta wannan iko a 1803, a shari'ar Marbury da Madison, kuma da dabara ta yi hakan. Shugaba John Adams ya naɗa William Marbury ƙaramin alƙali dab da saukarsa daga mulki, amma takardar naɗin ba ta isa hannunsa ba, sabuwar gwamnatin Jefferson kuma ta ƙi miƙa ta. Alƙalin alƙalai John Marshall ya ce Marbury yana da gaskiya, sai dai dokar 1789 da ta ba shi damar zuwa Kotun Ƙoli kai tsaye ta saɓa wa sashe na 3 na kundin, saboda haka kotu ba za ta yi aiki da ita ba. Marbury ya tafi hannu rabbana. Jefferson bai samu umarnin da zai bijire wa ba. Kotu kuwa ta tashi da ikon auna kowace doka da ma'aunin kundi.

Wanda ya tsaya nan zai ɗauka duk dokar da ta ci karo da haƙƙin ɗan ƙasa tana faɗuwa da zarar an gane ta. Ba haka abin yake ba. Kotunan tarayya ba sa bin dokoki suna dubawa, ba sa kuma ba gwamnati fatawa. Tun 1793 alƙalan Kotun Ƙoli suka ƙi amsa tambayoyin shari'a da gwamnatin George Washington ta aika musu, suka ce ba aikinsu ba ne. Sai an samu mai ƙara na gaske da wanda ake ƙara na gaske. Tsakanin tauye haƙƙi da samun hukunci akwai ƙofofi da yawa, kuma yawancin ƙararraki a bakin ɗaya daga cikinsu suke mutuwa, tun alƙali bai kai ga tambayar ko dokar ta dace da kundi ba.

Tambayar farko da lauya zai yi maka ita ce: wa ya tauye haƙƙin? Gyare-gyare goma na farko da aka yi wa kundin a 1791, inda aka jera 'yancin magana da na addini da sauransu, gwamnatin tarayya kaɗai suka ɗaure. Kotun Ƙoli ta faɗi haka ƙarara a 1833, lokacin da wani mai tashar jiragen ruwa, John Barron, ya nemi diyya daga birnin Baltimore saboda aikin tituna ya tura yashi ya cike masa tasha. Aka ce masa kundin tarayya ba ruwansa da abin da birni ko jiha suka yi. Sai bayan yaƙin basasa gyara na 14 ya zo a 1868, ya hana jihohi ƙwace rai ko 'yanci ko dukiya ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma wajabta musu ba kowa kariyar doka daidai wa daida. Ko da hakan, ɗaya bayan ɗaya kotu ta riƙa ɗora haƙƙoƙin kan jihohi: 'yancin magana a 1925, hana amfani da hujjar da aka samo ta haramtaccen bincike a 1961, ba talaka lauya kyauta a manyan laifuka a 1963, riƙe bindiga a 2010, hana tara mai wuce kima a 2019.

Gyara na 14 kuma da jiha yake magana, ba da mutum ba. A 1883 kotu ta soke dokar 1875 da ta hana otal-otal da gidajen kallo korar baƙar fata, bisa hujjar cewa mai otal ba hukuma ba ne. Har yau wannan ƙa'ida tana nan. Idan kamfani mai zaman kansa ya nuna maka wariya, ba kundi za ka riƙe ba, dokar majalisa za ka nema. Ƙarar da aka gina kan gyara na 14 a kan ɗan kasuwa, tun a zaman farko ake korarta.

Sannan sai ka nuna kana da hurumin yin ƙarar. Abu uku ake nema: cutarwar ta same ka kai da kanka, wanda kake ƙara ne ya jawo ta, kuma hukuncin kotu zai iya gyara ta. A takarda abin da sauƙi, amma dubi abin da ya samu Adolph Lyons. A 1976 'yan sandan Los Angeles suka tsayar da shi cikin dare saboda fitilar bayan motarsa ta mutu, ɗaya daga cikinsu ya shaƙe shi har ya suma, maƙogwaronsa ya ji rauni. Ya nemi diyya, ya kuma nemi kotu ta hana 'yan sandan birnin shaƙe mutanen da ba su yi musu barazana ba. A 1983 Kotun Ƙoli, da rinjayen 5 da 4, ta ce yana iya bin diyyarsa, amma ba shi da hurumin neman umarnin hani, domin ba zai iya tabbatar da cewa shi ɗin za a sake shaƙewa ba. Mai shari'a Thurgood Marshall, wanda bai yarda da hukuncin ba, ya rubuta cewa mutum 16 sun mutu ta wannan shaƙa a birnin tun 1975, 12 daga cikinsu baƙar fata. A ganina wannan na daga cikin hukunce-hukuncen da suka fi taƙaita ƙarar haƙƙin ɗan ƙasa, ko da yake ba a yawan ambatonsa. Lauyoyi sun koyi kauce masa ta hanyar neman masu ƙara da manufar ke shafa kullum, ko ƙungiyar da mambobinta ke ƙarƙashinta.

Wa za ka rubuta a matsayin wanda ake ƙara? Nan ma mutane kan yi tuntuɓe. Gyara na 11, na 1795, da yadda kotu ta fassara shi a 1890, ya hana mutum kai jiha ƙara a kotun tarayya sai da yardarta. Mafita ta zo a 1908 a shari'ar Young, antoni janar na Minnesota: ba jihar za ka kai ba, jami'in da ke zartar da dokar za ka kai, ka nemi a hana shi nan gaba. Kuɗin baitulmalin jiha ba ya fita ta wannan hanya, umarnin hani kawai ake samu. Kuma dole jami'in ya kasance yana da hannu a zartarwar. Texas ta gane wannan gurbi a 2021. Ta yi dokar hana zubar da ciki bayan kimanin mako shida, ta haramta wa jami'anta zartar da ita, ta bar wa kowane mutum damar kai likita ƙara ya karɓi aƙalla dala 10,000. Masu son ƙalubalantar dokar suka rasa wanda za su kai. Kotun Ƙoli ta bar musu 'yan jami'an lasisi kawai, daga baya kotun ƙolin Texas ta ce waɗannan ma ba su da ikon zartarwa. Duk ra'ayin da mutum yake da shi kan zubar da ciki, dabarar ba ta da jam'iyya: a 2022 Kalifoniya ta kwaikwaye ta a kan masu sayar da wasu bindigogi.

Idan diyya kake so, makaminka shi ne abin da lauyoyi ke kira sashe na 1983. Lambar sashe ce a kundin dokokin tarayya, ba shekara ba. Dokar kanta ta 1871 ce, an yi ta don yaƙar Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata da ke ta'addanci kan baƙar fata, ta kwanta kusan shekara 90 har shari'ar Monroe da Pape ta farfaɗo da ita a 1961. Tana ba ka damar kai ƙarar duk wanda ya tauye haƙƙinka da rigar hukuma. Kuɗin shigar da ƙara a kotun tarayya ta farko dala 405 ne, kuma marar hali na iya neman a ɗauke masa. Dokar ba ta da wa'adin kanta, sai ta ari na ƙarar rauni a jihar da abin ya faru: shekara ɗaya a Kentucky da Tennessee, biyu a Texas da Kalifoniya, uku a New York. Wanda ya makara da kwana ɗaya ya rasa, komai ƙarfin hujjarsa. Wata doka ta 1976 ta sa wanda aka kai ƙara ya biya kuɗin lauyan mai ƙara idan ya yi nasara, kuma ita ce ke sa lauyoyi karɓar shari'ar da diyyarta ba ta taka kara ta karya ba.

Babban shingen shi ne rigar kariya. Alƙali a aikin shari'a da mai gabatar da ƙara a aikin tuhuma, kariyarsu cikakkiya ce. Ɗan sanda da sauran jami'ai kuwa, tun 1982 ba sa biyan diyya sai an nuna haƙƙin da suka taka ya riga ya tabbata sarai a hukunce-hukuncen baya. A aikace ana neman tsohuwar shari'a mai kama da taka ƙwarai. A 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ba 'yan sandan birnin Fresno na Kalifoniya kariya a ƙarar da aka zarge su da wawure fiye da dala 225,000 lokacin bincike, domin babu hukuncin baya da ya ce satar abin da aka kama da takardar bincike ta saɓa wa gyara na 4, wanda ya hana bincike da kame ba bisa ƙa'ida ba. Birni ko gunduma ba su da wannan riga, amma tun 1978 sharaɗin shi ne ka nuna manufa ko al'adar hukumar ce ta jawo ɓarnar. Cewa ma'aikacinta ne ya yi bai isa ba. Lauya mai hankali yakan fara tara ƙorafe-ƙorafen baya da takardun horo tun bai rubuta ƙara ba.

A ce ka wuce duk waɗannan. Yanzu ne za a auna dokar, kuma sau da yawa zaɓen ma'aunin shi ne hukuncin. Dokar yau da kullum, kamar ta lasisin sana'a, ana tambaya ne kawai ko akwai wani dalili da hankali zai ɗauka, ko da majalisa ba ta ambace shi ba. Gwamnati ce ke cin nasara kusan kullum. Dokar da ta bambanta mace da namiji sai an nuna muhimmin dalili, ma'aunin da ya fito a 1976. Wadda ta bambanta mutane bisa launin fata ko ta taɓa tushen 'yanci, gwamnati ce za ta tabbatar da larura mai ƙarfi da kuma cewa babu wata hanya mafi sauƙi. Da wuya doka ta tsira. Matsalar ita ce dokokin zamani ba sa rubuta launin fata a jikinsu. Tun 1976 kotu ta ce nuna cewa doka ta fi cutar da masu wani launin fata bai wadatar ba, sai an nuna niyya. A 1987 Warren McCleskey ya kawo nazari kan shari'o'in kisa fiye da 2,000 a Jojiya, wanda ya nuna wanda ya kashe farar fata ya fi wanda ya kashe baƙar fata fuskantar hukuncin kisa sau 4.3. Kotu ba ta ƙaryata alƙaluman ba. Ta ce bai nuna an yi masa wariya a shari'arsa shi kansa ba. Don haka hujjar niyya ake farauta: bayanan zaman majalisa, saƙonnin imel, gaggawar da aka yi wajen zartar da dokar, da alƙaluman da 'yan majalisa suka nema kafin su rubuta ta.

Matakan ɗaukaka ƙara ba su da wuyar fahimta. Kotunan tarayya na farko 94 ne, na ɗaukaka ƙara 13, inda alƙalai uku ke zama. Kwana 30 ake da shi a ɗaukaka, 60 idan gwamnatin tarayya na cikin shari'ar. Daga nan kwana 90 na roƙon Kotun Ƙoli ta saurara, kuma roƙo ne, ba haƙƙi ba: sai huɗu daga cikin alƙalai tara sun amince, kuma daga dubban buƙatu 60 zuwa 70 suke ɗauka a shekara. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne saɓani tsakanin kotunan ɗaukaka ƙara, ba girman zaluncin da aka yi wa mai ƙara ba.

To, an ci nasara. Wa zai zartar? Kotu ba ta da soja, ba ta da baitulmali. Ranar 17 ga Mayu 1954 alƙalai tara baki ɗaya suka ce raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa kundi, a shari'ar Brown. A Satumba 1957 gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya girke dakarun jiha a ƙofar babbar sakandaren Little Rock don hana ɗalibai baƙar fata tara shiga. Sai da Shugaba Eisenhower ya karɓe dakarun daga hannun gwamna, ya kuma turo sojojin runduna ta 101, sannan yaran suka shiga aji da rakiya. A 1958 kotu ta sake jaddada cewa hukuncinta ya ɗaure gwamnoni da majalisun jihohi, alƙalan tara duk suka sa hannu. Faubus ya rufe sakandaren birnin shekara guda. Gundumar Prince Edward a Virginia ta rufe makarantun gwamnati daga 1959 zuwa 1964. Shekara goma bayan Brown, yaran baƙar fata da ke aji ɗaya da farare a jihohin kudu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

Abin da ya motsa lamarin kuɗi ne. Dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 ta ba tarayya ikon janye tallafi daga duk hukumar da ke wariya, ta kuma ba ma'aikatar shari'a ikon kai ƙara da kanta. Shekara guda bayan haka majalisa ta fara zuba maƙudan kuɗi a makarantun firamare da sakandare, sai ya zama akwai abin da za a rasa. A 1968 kotu ta daina karɓar alƙawari, ta ce tsarin da ke aiki yanzu take so. Zuwa farkon shekarun 1970 adadin yaran baƙar fata da ke makaranta ɗaya da farare a kudu ya kai wajen kashi 90. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ita dokar 1964, da wane iko majalisa ta yi ta, tunda hukuncin 1883 yana nan? Gwamnatin tarayya ikonta ƙididdigagge ne a kundi, abin da ya rage kuma gyara na 10 ya bar wa jihohi da jama'a. Sai majalisa ta jingina dokar da ikon tsara kasuwanci tsakanin jihohi. Wani otal mai ɗaki 216 a Atlanta ya ƙalubalanta, aka nuna kusan kashi 75 na baƙinsa daga wasu jihohi suke. Gidan gashin nama na Ollie a Birmingham ya fi wuya, domin 'yan gari yake sayar wa. Gidan yana da kujeru 220 na farare, baƙar fata kuwa sai dai su saya su tafi da shi. Lauyoyin gwamnati suka bi sawun naman: kashi 46 na abincin da gidan ya saya nama ne da dillali ya shigo da shi daga wajen Alabama. Wannan ya wadatar. Mutuncin ɗan adam ake karewa, amma da rasidin nama aka kare shi.

Wannan iko yana da iyaka. A 1995 kotu ta soke dokar tarayya da ta hana riƙe bindiga kusa da makaranta, ta ce ba kasuwanci ba ne, a 2000 kuma ta soke sashen da ya ba matan da aka ci zarafinsu damar ƙara a kotun tarayya. Tarayya ba ta da ikon tilasta jami'an jiha su yi mata aiki; hukuncin 1997 kan binciken masu sayen bindiga ya tabbatar da haka, kuma da shi ne biranen da ke ƙin taya jami'an shige da fice aiki suke kafa hujja. Tana iya jan jihohi da kuɗi, kamar yadda kotu ta amince a 1987 a riƙe kashi 5 na kuɗin hanya daga jihar da ba ta mai da shekarun sayen giya 21 ba. Amma a 2012, da aka yi barazanar janye duk kuɗin Medicaid, shirin kiwon lafiyar marasa galihu, wanda ya haura kashi 10 na kasafin jiha, kotu ta ce wannan ya tashi daga rarrashi ya koma tilas.

Dokar zaɓe ta 1965 ta bi wata hanyar dabam, ta juya nauyin hujja. Jihohin da ke da tarihin hana baƙar fata ƙuri'a ba za su canza ko wurin rumfar zaɓe ba sai ma'aikatar shari'a ko kotun tarayya ta Washington ta amince. A Misisipi rajistar baƙar fata ta tashi daga kashi 6.7 zuwa 59.8 cikin shekara biyu. Majalisar dattawa ta sabunta dokar a 2006 da ƙuri'a 98 babu mai adawa. A 2013, a shari'ar gundumar Shelby, kotu da rinjayen 5 da 4 ta soke ma'aunin da ke tantance jihohin, ta ce ya tsufa. A ranar Texas ta sanar da fara aiki da dokar nuna katin shaida kafin jefa ƙuri'a, wadda aka taɓa dakatarwa. Nauyi ya koma kan mai ƙara, lokaci kuma ya koma ɓangaren jiha. Alabama tana da kujeru bakwai a majalisar wakilai, baƙar fata kusan kashi 27 na jama'arta, amma taswirar 2021 mazaɓa ɗaya ta ba su rinjaye. Sun yi nasara a Kotun Ƙoli a 2023, bayan an riga an yi zaɓen 2022 da taswirar.

Idan kotu ta yi kuskuren fassara dokar majalisa, majalisa na iya gyarawa da doka ta yau da kullum, kamar yadda ta yi a 2009 bayan hukuncin 2007 kan wa'adin kwana 180 na ƙarar bambancin albashi. Idan kundi ta fassara, sai gyaran kundi: kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50. An yi hakan 'yan lokuta, gyara na 14 da ya shafe hukuncin Dred Scott na 1857, wanda ya ce baƙar fata ba 'yan ƙasa ba ne, na cikinsu.

Akwai ƙofar da mutane ke mantawa da ita, wato kundin jiha. Kundin tarayya ƙasa ya shata, jiha na iya ƙarawa a kai. A 1973 Kotun Ƙoli ta ce ilimi ba ya cikin tushen haƙƙoƙin kundin tarayya, amma a 1989 kotunan ƙolin Texas da Kentucky suka soke tsarin kuɗin makarantunsu bisa kundin jiha. A 2018 kotun ƙolin Pennsylvania ta soke taswirar mazaɓu da aka shata don fifita jam'iyya, shekara guda kafin Kotun Ƙoli ta ce irin wannan ƙara ba hurumin kotunan tarayya ba ce. Sharaɗin da za a kiyaye ya fito daga hukuncin 1983 a shari'ar Michigan da Long: kotun jiha ta rubuta a fili cewa hukuncinta ya dogara ne kan kundin jiha shi kaɗai. Idan ta cakuɗa hujjojin jiha da na tarayya ba ta faɗi haka ba, Kotun Ƙoli za ta ɗauka na tarayya ne, ta karɓi shari'ar, tana kuma iya rushe hukuncin. Saboda haka lauyan da ke bin wannan hanya yakan ware hujjar kundin jiha a babi nata daban, da tarihinta da hukunce-hukuncenta, ya kuma roƙi alƙalai su sa wannan jimla a hukuncin.